BABI NA UKU: ASKAR FARKO TA MAI KOYON WANZANCI A ƘASAR ZURU

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo bayani a kan ma'anar wanzanci da ire-iren ayyukan da wanzami yake gudanarwa a cikin al'umma. A wannan babi kuwa za a mayar da hankali ne a kan abu guda daga cikin kayan da ke cikin zabira, wato aska, musamman wadda mai koyo yake fara mallaka. Za a bi diddigin yadda yaron da ba shi da ƙarfin aljihu yake samun wannan aska a ƙasar Zuru, tun daga zamanin da maƙeri ne kaɗai yake samar da ita, har zuwa lokacin da reza da kilifa suka shigo. Abin da babin yake son nunawa shi ne, washi ne ya ɗaure mai koyo a jikin maigidansa. Saboda haka duk lokacin da aka sami askar da ta rage buƙatar washi, sai wannan ɗauri ya ƙara sassautawa, har sana'ar kanta ta sake kama.

3.1 Ƙasar Zuru da Wanzamanta

Masarautar Zuru tana kudu maso gabashin Jihar Kebbi, jihar da aka ciro daga tsohuwar Jihar Sakkwato a ranar 27 ga Agusta, 1991. Masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu, wato Zuru da Danko/Wasagu da Fakai da Sakaba. Ƙasa ce mai duwatsu da yawan ƙabilu. Akwai Lelna, waɗanda Hausawa suke kira Dakarkari, masu magana da harshen C'lela. Akwai kuma Fakkawa da Dukkawa da Kambari da Bangawa da Gelawa da sauransu. Hausawa, musamman Katsinawa, sun daɗe da zama a garuruwa irin su Wasagu da Bena ta dalilin fatauci, kuma a yau Hausa ce harshen kasuwa a duk faɗin masarautar.

Ya kamata a lura cewa waɗannan ƙabilu suna da tsagar fuska irin tasu da hanyoyinsu na gyaran gashi tun asali. Ke nan ba Bahaushe ne ya koya musu amfani da ƙarfe mai kaifi a jikin mutum ba. Abin da ya zo tare da Hausawa shi ne wanzanci a matsayin sana'a mai tsari, wadda mutum guda yake haɗa aski da ƙaho da kaciya da cire belu da askin suna, yana yawo da zabira, yana kuma ƙarƙashin shugabancin Sarkin Aska. Yaɗuwar Musulunci ta ƙara wa sana'ar kasuwa, domin duk gidan da za a raɗa suna ran bakwai sai an nemi wanzami.

3.2 Askar Maƙera

Askar gargajiya ƙarfe guda ne da maƙerin baƙi yake ƙerawa. Ba ta naɗewa. Gabanta yana da faɗi da kaifi, bayanta kuma siriri ne domin riƙewa. Wanzamin da ya cika yana da aska fiye da ɗaya a zabirarsa, domin askar aski daban take da ta kaciya, haka kuma 'yar ƙaramar da ake tsaga da ita lokacin yin ƙaho daban take da wadda ake cire belu da ita. Amma mai koyo da askar aski yake farawa, kuma yakan daɗe kafin a bar shi ya taɓa sauran.

Kafin zuwan Turawa, ƙarfen da maƙeri yake aiki da shi daga tama ake narko shi. Irin wannan ƙarfe ba ya fitowa bai ɗaya. A cikin dunƙule guda akan sami ɓangare mai taushi da ɓangare mai tauri, gwargwadon yadda sinadarin kabon na gawayi ya shige shi. Fartanya da lauje suna iya haƙuri da ƙarfe mai taushi, amma aska ba ta iyawa. Dole maƙeri ya ware mata ɓangare mafi tauri, ya buge shi a kan uwar maƙera har ya yi laɓa-laɓa, sannan ya gasa shi ya yi ja, ya tsoma a ruwa. A wannan tsomawa ne ake gane gwani. Idan taurin ya yi yawa, bakin askar zai riƙa ɓantarewa, ta yi giɓi, kuma aska mai giɓi fata take ja. Idan kuwa taurin ya gaza, kafin a gama kai ɗaya ta dakushe. Abin takaici ga mai saye shi ne, ido ba ya bambance waɗannan askake guda uku a ranar da suka fito daga maƙera. Duka baƙaƙe ne, duka kuma suna da kaifi. Sai an yi mako ana aiki da su halin kowace yake fitowa.

Daga wannan za a fahimci dalilin da ya sa a al'adance yaro ba ya zuwa maƙera shi kaɗai ya zaɓi aska. Maigidansa ne yake zuwa, ko ya aika wurin maƙerin da suka saba. Wanzami yakan gwada aska ta hanyar ɗora bakinta a kan farcen babban yatsa ya ji ko tana kamawa, ko ya shafa ta a gashin hannunsa, ko ya duba bakin a hasken rana ya ga ko akwai inda yake ƙyalli, domin kaifin da ya kai ba ya mayar da haske. Biyan maƙeri kuwa ba lallai da kuɗi ba ne. Tsakanin masu sana'a akan yi musayar aiki, wanzami ya yi wa gidan maƙeri aski da ƙaho, ko kuma a biya da dawa bayan kaka.

Bayan jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya kuma isa Ƙauran Namoda a 1929, sai guntayen ƙarfen waje suka yawaita a kasuwannin Arewa, narkar da tama kuma ta yi ta ja da baya har ta mutu. Layin dogo bai ratsa ƙasar Zuru ba, amma kaya suna isa can ta hanyar Kwantagora da Rijau, da kuma ta ɓangaren Gummi da Ɗaki Takwas. Da motoci suka yawaita, maƙera suka koma ga sifirin mota da tsohon magagari. Wannan canji alheri ne ga mai koyo. Magagari ƙarfe ne mai yawan kabon, kuma taurinsa ɗaya ne daga wannan kai zuwa wancan, saboda haka askar da aka ƙera da shi ta fi riƙe kaifi, kuma cacar da ke cikin sayen sabuwar aska ta ragu.

3.3 Ɗan Gado da Ɗan Haye

Wanzanci sana'ar gado ce. Yaron da aka haifa a gidan wanzamai yakan fara da ɗaukar zabira yana bin mahaifinsa kasuwa da gidajen suna, yana ɗebo ruwa, yana jiƙa kan mai aski. Daga nan a koya masa washi. Yakan daɗe yana goga aska a dutse da fata kafin a ce ya ɗora ta a kan mutum, kuma idan lokacin ya zo, a kan ƙannensa da yaran gida yake gwaji. Irin wannan yaro ba ya zaɓen aska. Ranar da uban ya ga hannunsa ya faɗa, sai ya zaro ɗaya daga cikin tsofaffin askakensa ya ba shi.

A ido wannan kamar rowa ce, a ce uba ya ba ɗansa askar da dutse ya cinye rabinta. Amma idan aka duba da kyau za a ga babu askar da ta fi ta dacewa da mai koyo. An riga an san halin ƙarfenta. Bakinta ya riga ya kwanta a kan dutse, ta yadda ko hannun da bai ƙware ba zai iya dawo mata da kaifi. Idan kuma yaron ya ɓata ta, hasarar ba ta da yawa. Har wa yau akwai abin da ya shafi imanin jama'a. Mutane da yawa sun ɗauka cewa wanzamai suna da asirin da ke hana jini zuba, kuma akwai masu maganin ƙarfe da aka yi imani aska ba ta cin kansu sai sun yarda. A wurin masu wannan imani, askar da ta fito daga zabirar uba tana zuwa da izininsa. Ko da an ajiye zancen asiri a gefe, mai gidan da ya ga askar tsohon wanzaminsa a hannun ɗansa ya fi sakin jiki ya miƙa kai.

Ɗan haye, wato wanda ya shigo sana'ar ba tare da ya gada ba, shi ne ainihin wanda matsalar zaɓe ta shafa. A ƙasar Zuru irin waɗannan ba su da wuyar samu, domin wuri ne da sana'ar ta tarar da ƙabilun da ba su da gidajen wanzamai irin na Hausa. Ga shi kuma saurayin Lelna a al'adance yana da nauyin golmo a kansa, wato noman da yake yi wa surukai na tsawon shekaru kafin a ba shi mata, wanda yakan kai shekara 7. Ƙarfinsa na damina ba nasa ba ne shi kaɗai. Idan ya so koyon wata sana'ar rani, ɗan abin da ke hannunsa ƙalilan ne. Hanyar da ta fi masa ita ce ya jingina da wani wanzami, ya yi masa hidima, har a sallame shi da tsohuwar aska. Wanda ya yi gaggawa ya sayi mafi araha a kasuwa ba tare da ya iya washi ba, shi ne Hausawa suke tuna wa cewa araha ba ta ado. A sana'ar aski kuskure a fuskar mutum yake fita, kuma a ƙaramin gari yanka biyu ko uku sun isa su raba saurayi da masu zuwa wurinsa.

3.4 Askar Kanti

Askar Turawa mai naɗewa cikin ƙotarta tana da dogon tarihi. An fara ƙera irinta a birnin Sheffield na Ingila tun wajen ƙarshen ƙarni na 17. A wajen 1740 wani mai suna Benjamin Huntsman ya gano hanyar narka ƙarfe a cikin tukunyar yumɓu, wadda ta ba da ƙarfe mai tsabta da tauri bai ɗaya. Garin Solingen na Jamus da Thiers na Faransa su ma sun yi suna wajen ƙera askake. A zamanin mulkin mallaka kamfanonin ciniki irin su John Holt da UAC, wanda aka kafa a 1929, su ne suke shigo da kayan ƙarfen Turai kantunansu, 'yan koli kuma su sara su kai kasuwannin ƙauye.

Wannan aska ta zo da wata dabara da ta shafi mai koyo kai tsaye. An ƙera ta da kauri a baya, an kuma rarake gefenta biyu ta yi kwarmi. Idan aka kwantar da ita a kan dutse, bayan da bakin suna taɓa dutsen tare, saboda haka kaurin bayan ne yake tsayar da karkatar da ake buƙata. A askar maƙera kuwa hannun mai washi ne yake tsayar da wannan karkata, abin da yake ɗaukar watanni kafin a iya. Ke nan askar kanti ta rage wahalar washi, ko da yake ba ta kawar da ita ba.

Duk da haka ba ta kori askar maƙera ba. Da farko dai ta fi ta tsada nesa ba kusa ba. Sannan bakinta siriri ne ƙwarai, yana saurin lalacewa idan ya gamu da kan da ya sha ƙura da yashi, irin na manomi ko mai kiwo, kuma dutsen da wanzami ya saba da shi yakan yi mata kaushi. Idan ta faɗi ta yi giɓi, maƙerin gari ba zai iya mayar da ita wuta ya gyara ba tare da ya kashe taurinta ba. Ga tsatsa a lokacin damina, wadda ƙasar Zuru take samu fiye da arewacin jihar. Bugu da ƙari, ba duk abin da ya zo daga kanti ne nagari ba. Akwai masu ƙyalli da ƙota mai ado waɗanda ƙarfensu ba ya riƙe kaifi ko kaɗan, kuma su ne suka fi jan idon yaro. Wanda ya san abin da yake yi yakan nemi wadda faɗinta matsakaici ne, kamar biyar bisa takwas na inci, mai zagayayyen kai, domin mai tsini takan soki kunne ko gefen hanci a hannun da bai saba ba. Saboda waɗannan dalilai askar kanti ta zama abin da wanzami yake saye bayan ya kafu, don gyaran fuskar malamai da ma'aikata, ba abin da ake farawa da shi ba.

3.5 Reza da Tasirin Aikin Soja

A Amurka, King Camp Gillette ya fara sayar da askar da ake sa wa siririyar reza a 1903, ya kuma sami rajistar mallakar fasahar a 1904. Hikimar abin ita ce, ba a wasa reza. Idan ta dakushe sai a yar a sa wata. A 1962 kamfanin Wilkinson Sword na Ingila ya fito da rezar da ba ta tsatsa.

A nan ya dace a kawo wani abu da ƙasar Zuru ta yi fice a kansa, wato aikin soja. Tun zamanin Turawa samarin wannan yanki suke shiga soja da yawa, kuma sojojin Nijeriya sun yi yaƙi a Gabashin Afirka da ƙasar Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ƙare a 1945. A bariki dole ne soja ya fito fareti da fuska a aske, ba zai kuma jira wanzami kowace safiya ba. Mutumin da ya shekara goma ko ashirin yana aske gemunsa da kansa, idan ya dawo gida ba ya barin wannan ɗabi'a, kuma ƙannensa da 'ya'yansa suna gani. Ta haka gyaran fuska, wanda yake cikin ayyukan da suke kawo wa wanzami ɗan kuɗin yau da kullum, ya fara fita daga hannunsa.

Amma babban canjin ya zo ne daga wata 'yar dabara. An ƙera ƙota mai siffar askar kanti, mai naɗewa, wadda ake karya reza biyu a zura rabi a bakinta. Rezoji irin su Tiger da Nacet kuwa ana samunsu a teburin kowane ɗan tireda. Da wannan ƙota da ƙwayar reza ɗaya, yaron da bai taɓa riƙe dutsen washi ba yana da kaifin da tsohon wanzami yake shan wahala kafin ya samu. Kuɗin da zai kashe bai kai na askar kanti ba ko kusa. A nan ne aski ya zo gaban goshi ga tsohon tsarin koyo, domin abin da yake sa yaro ya zauna shekaru a gaban maigida ya tafi. Wanda ya fara da reza yana iya koyon kwantar da hannu a cikin 'yan makonni, sai dai ba zai san ƙaho ba, ba zai san kaciya ba, ba zai san magungunan da wanzamai suke bayarwa ba, tunda waɗannan sai a zaman zabira ake samunsu. Daga nan aka fara bambance mai aski da wanzami, kalmomin da a da kusan abu ɗaya suke nufi.

3.6 Daga 1986 Zuwa Yau

Abubuwa biyu sun faru a 1986 waɗanda suka shafi wannan batu. Na farko, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓullo da shirin gyaran tattalin arziki da aka sani da SAP, darajar naira ta faɗi, kayan waje suka yi tsada. Askar Sheffield ko Solingen ta fi ƙarfin talaka, sai askake masu araha na ƙasashen Asiya suka cike gurbin. Na biyu, a wannan shekara ce aka ba da sanarwar samun cutar ƙanjamau a Nijeriya. Daga baya ma'aikatan lafiya suka yi ta gargaɗi a rediyo da asibitoci cewa ƙarfen da ya taɓa jinin wani yana iya ɗaukar cuta zuwa ga wani. A gaskiya ciwon hanta nau'in B ya fi ƙanjamau saurin kamuwa ta wannan hanya, domin ƙwayarsa tana iya kai mako guda da ranta a busasshen jini. Ga kuma ciwon sarƙewar haƙora da yake kama jarirai idan aka yanke su da ƙarfe marar tsabta.

Wannan ya juya darajar askar gado. Abin da yake sa a amince da ita a da, wato yawan kawunan da ta bi, shi ne ya zama abin tsoro. Goge ta a tafin hannu ko a fata yana gyara kaifi ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta. Masu zuwa aski suka fara cewa a ɓare sabuwar reza a gabansu, wasu ma su zo da tasu. An ce wanzami ba ya son jarfa, kuma ba abu ne mai sauƙi ba dattijon da ya shekara arba'in yana aiki da aska ɗaya ya yarda cewa ita ce abin zargi. Amma a wannan gaɓa masu gargaɗin ne suke da gaskiya. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 kuma ta haramta kaciyar mata, wadda tana cikin ayyukan da wasu wanzamai suke yi da aska.

A cikin garin Zuru da sauran manyan garuruwan masarautar, kamar Ribah da Mahuta da Dirin Daji, saurayin da yake son shiga harkar aski yanzu shago yake tunani, da kilifa. Wannan na'ura, wadda Leo Wahl na Amurka ya yi wa rajista a 1921, tana buƙatar wutar lantarki ko janareta, kuma bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kilifa mai caji ta ƙara samun karɓuwa. Jarin buɗe shago ya ninka na zabira sau da yawa. Saboda haka wanda ba shi da hali har yanzu da ƙotar reza yake farawa, da almakashi da sabulu da ɗan madubi, a gindin bishiya ranar kasuwa. Ko mai shagon ma da ita yake fitar da layin goshi da gefen gemu. Askar maƙera kuwa ta koma zabirar 'yan gado, ana fito da ita a wurin askin suna da ƙaho, inda wasu suke dafa ta a ruwan zafi kafin aiki, wasu kuma suke karɓar sabuwar reza daga hannun uban jariri.